Labarin da ka gani a tele, ta yaya kake samo cikonsa a intanet?

Dan_Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da tambaya, kuma na san zauren nan akwai malaman lakwal, akwai ɗalibai, akwai masu gyaran waya. Kusan kowane dare ina kallon labarun Télé Sahel. Sai a kawo abin da ya shafe mu, kamar sanarwar taron ministoci ko zuwan wani minista jihar Damagaram, a yi minti ɗaya ko biyu a kai a wuce. Kafin ka kama kan maganar an shiga wata. In na ɗauki waya na rubuta abin da na ji a Google, sai ya jero mini labaran Kano da Abuja, ko wani tsohon abu da aka manta da shi. Haka kuma in an turo bidiyo a WhatsApp aka ce yanzun nan ya faru a Zinder, sai in zauna gaban tele da dare ina jira, a gama labaru ba a ambace shi ba. To wanne zan kama? Ku da kuka saba, yaya kuke haɗa abin da ke tele da abin da ke waya?

Mushe_Lakwal:
Wa alaikumus salam Malam Dan_Birni. Matsalarka ta farko ita ce harshen da kake nema da shi. In ka rubuta da Hausa, Google zai kai ka inda rubutun Hausa ya fi yawa, wato jaridun Najeriya da tashoshin waje. Labaran hukumomin Nijar kuwa galibi da Faransanci ake rubuta su. Sanarwar taron ministoci da ka ambata, wadda ake karantawa a gurguje, kamfanin dillancin labarai na ANP da jaridar Le Sahel suna buga ta a shafukansu, sau da yawa gaba ɗayanta, har da sunayen waɗanda aka naɗa muƙamai. Shafin labarai na ActuNiger ma yana sa ta. Abin da nake yi shi ne, lokacin da ake labarin ba na ƙoƙarin riƙe duka maganar. Ina duban rubutun da ke ƙasan allo, in ɗauki abu uku: sunan mutum, sunan gari, sunan ma'aikata. Su ukun nan in ka haɗa su ka rubuta kamar yadda suka fito a allon, da wuya ka rasa.

Yar_Zango:
Ni hoto nake ɗaukar tele ɗin da waya, Mushe. Rubutun ƙasan yana saurin wucewa, biro da takarda ba sa cim masa.

Mushe_Lakwal:
Wannan ya fi ma, ɗiyata. Allah ya yi albarka.

Mai_Gyaran_Waya:
Ku ƙara da wannan. Labarun dare ba sa ɓacewa don an gama su. Gidan tele na ƙasa yana da shafi a Facebook, masu zaman kansu irin su Dounia da Bonferey da Ténéré ma haka, kuma akwai su a YouTube. In kuran ya ɗauke maka ana tsakiyar labari, da safe ka shiga ka nemi na ranar, ka ja shi zuwa wurin da kake so. Mutane suna gudu saboda mega, amma in ka shiga saitin bidiyon ka rage kyan hoton zuwa 240 ko 144, muryar tana fita sarai, kuma forfe ɗinka ba zai ƙare nan take ba. Labari ai murya ake nema, ba fuskar mai karantawa ba. Duk wanda ya zo shagona ina nuna masa, kyauta.

Alhaji_Kasuwar_Dole:
Ku yara kuna wahalar da kanku. Rediyo na nan. Ni da asuba in na dawo masallaci ina kunna ta, da rana a runfa tana kunne. Abin da ya faru a garin nan Anfani za ta faɗa, gidan rediyon jiha zai faɗa, da Hausar da kowa ke ji. Ba mega, ba kuran, batir biyu sun isa.

Dalibar_Jamia:
Baba Alhaji gaskiyarka, amma rediyo in ta faɗa ta wuce, ba ka iya komawa ka duba lamba ko suna. Kuma ita ma yanzu ta shigo waya. Studio Kalangou, ɗakin shirya labaran rediyo wanda ya fara aiki a 2016, gidajen rediyo da yawa ne ke watsa shirinsa, kuma yana ajiye shi a shafinsa da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Buzanci da Faransanci. Wanda bai yi lakwal ba sai ya saurari na Hausa can.

Ina so in ƙara kan maganar Mushe. Sunayen garuruwanmu kowa da yadda yake rubutawa, kuma injin nema ba koyaushe yake gane abu ɗaya ba ne. Tashoshin Hausa na waje suna rubuta Damagaram da Yamai, takardun hukuma suna rubuta Zinder da Niamey. Mu muna cewa Mirya, a takarda Mirriah ne. Magarya ta zama Magaria, Tanut ta zama Tanout, Gure ta zama Gouré. Kance kuwa in ba ka rubuta Kantché ba, ba abin da zai fito. Har sunan shugaban ƙasa, wasu Tiani wasu Tchiani. Saboda haka ni sau biyu nake nema, da rubutun Faransanci don in ga abin da hukuma ta ce, da rubutun Hausa don in ga yadda wasu suka kawo shi. Kuma bayan ka nema a Google akwai wurin da aka rubuta Outils, a nan za ka zaɓi na awa 24 da suka wuce ko na mako ɗaya. Shi ne maganin tsofaffin labaran da Yaya Dan_Birni ke kuka da su.

Dan_Birni:
Wallahi ban taɓa taɓa wurin nan ba. Yanzu na gwada da Mirriah na zaɓi mako ɗaya, abin da ya fito daban ne. Na gode ƙanwata.

Direban_Tanut:
Ni ban iya Faransanci sosai ba, amma na gano wata dabara. Lamba ba ta da yare. A Yuli 2024 da aka rage kuɗin mai, a tasha kowa da abin da yake faɗa, wani ya ce an rage dala goma, wani ya ce gazuwal ne kaɗai. Na ga 499 a allon tele, sai na rubuta Niger 499 kawai. Nan take ya fito: litar esansi ta koma 499, gazuwal daga 668 ya koma 618. Na nuna wa yaron motata ya karanta mini sauran. Tun daga nan duk labarin da ke da lamba, lambar nake riƙewa.

Mushe_Lakwal:
Direba, wannan dabarar zan kai ta aji. Sai dai a kula da abu ɗaya: tele da jarida da tamma suke ƙirga, mu a kasuwa da dala. In aka ce 500, dala ɗari ke nan. Na sha ganin gardama ta tashi a fada kan farashi alhali duka biyun abu ɗaya suke faɗa.

Dan_Magarya:
Mu da ke bakin iyaka tamu matsalar daban ce. Labarin da ya shafe mu rabinsa yana wancan gefen. Ku tuna Maris 2024. Tashoshin Najeriya suka sanar cewa shugabansu ya ba da umarnin buɗe iyaka da Nijar, bidiyon ya cika wayoyi, masu kaya suka fara ɗaure-ɗaure. Amma gefenmu ba a buɗe ba sai bayan fiye da mako ɗaya, da hukumomin Yamai suka fitar da tasu sanarwar. Labarin Najeriya gaskiya ne, ba ƙarya a ciki, sai dai rabin magana ne. Wanda ya dogara da shi kaɗai ya yi asarar kuɗin mota. Duk abin da ya shafi boda, ko canjin naira, ko wutar da ke zuwa daga can, ina duban Aminiya ko Freedom Radio ta Kano in ji nasu, sannan in jira ANP ko Télé Sahel in ji namu. Sai sun haɗu nake motsi.

Sani_Kabukabu:
Ni dai ƙa'idata ɗaya ce. In ba a faɗa a tele ba, ƙarya ne. Shi ke nan.

Dalibar_Jamia:
Yaya Sani wannan ƙa'idar ta yi tsauri. Ƙasar nan jiha takwas ce, labarun dare kuma lokacinsu ƙayyadadde ne. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900. Gobara a wata runfa ko gada da ruwa ya ci a hanyar ƙauye ba lallai su samu shiga ba, kuma sun faru. Rashin faɗa a tele ba hujja ba ne cewa abu bai faru ba.

Sani_Kabukabu:
To ai gara in rasa labari goma na gaskiya da in ɗauki ƙarya ɗaya in kai gida. Kin san abin da ji-ta-ji-ta ke jawowa a garin nan?

Baba_Mai_Ritaya:
Ku saurara ƴaƴana, kowannenku yana da rabin gaskiya. Ya danganta da irin labarin. Akwai labarin da tele ce kaɗai ke yanke shi. Ranar 26 ga Yuli 2023 tun da safe wayoyi ke ta kawo maganganu kan fadar shugaban ƙasa, wani ya ce an gama, wani ya ce an sasanta, wani ya turo murya yana rantsuwa. Ba wanda ya san tsayayyar magana sai can cikin dare da sojoji suka bayyana a Télé Sahel, Kanal Amadou Abdramane ya karanta sanarwa. Bayan kwana biyu Janar Tiani ya fito a tele ɗin dai. A irin wannan, da naɗin muƙami, da ranar hutu, da ganin wata, da sakamakon taron ministoci, maganar Sani ce daidai: sai hukuma ta faɗa da bakinta. Amma abin da ya faru a unguwa, waya ce ke riga kowa, tele tana biyo baya ko ma ba ta zo ba. Aikin mai hankali shi ne ya tambayi kansa, wannan labarin wa ke da ikon tabbatar da shi? In na hukuma ne a nemi hukuma. In na unguwa ne a nemi ɗan unguwa.

Hajiya_Sabon_Gari:
Baba ka tuna mini da ranar da tsohon masallacin Birni ya faɗi a damanar 2024, cikin Agusta. Ina gida aka turo mini bidiyon. Jikina ya mutu, amma ban yarda ba sai da na kira ƴar ƙanwata da ke aure a can, ta ce Inna gaskiya ne, ga mutane nan sun taru. Daga baya ne na gan shi a tele, har tashoshin waje sun ɗauka.

Dan_Birni:
Hajiya ranar 3 ga Satumba ne, Talata. Unguwarmu ce. Gini ne na ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ruwan shekarar ya fi ƙarfinsa. Allah ya sa ba a rasa rai a wurin ba. Abin da na lura a lokacin shi ne, su tashoshin wajen ma da bidiyon wayar mutanen gari suka yi amfani. Wato wani lokacin abin da ka gani a tele daga waya ya fito, ba shaida biyu ba ne, shaida ɗaya ce ta zagayo.

Mushe_Lakwal:
Wannan magana ta Dan_Birni a riƙe ta da kyau. Mutum zai ce na gani a shafi biyar, alhali duka biyar ɗin daga wuri ɗaya suka kwafa, har kuskuren rubutun iri ɗaya ne. In kana son tabbaci, ka nemi wanda ya ƙara wani abu nasa: ya yi hira da wani, ya ambaci sunan jami'in da ya yi magana, ya ɗauki hoto daga wani gefen. Wanda ya rubuta "majiya mai tushe" kawai, ba suna ba wuri, bai ƙara maka komai ba.

Mai_Gyaran_Waya:
Tun da an zo kan bidiyo. Mako ɗaya bayan faɗuwar masallacin ne madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga Maiduguri. Wani dattijo ya zo shagona hankalinsa a tashe, an turo masa bidiyon mutane cikin ruwa har ƙirji an ce wani gari ne a jiharmu, kuma ɗansa yana can. Na tsayar da bidiyon, na ɗauki hoton allon, na sa a Google Lens, mai nemo inda hoto ya fito a intanet. Sai ga shi a shafukan Najeriya, Maiduguri ce. Ko ba Lens ma, da mun natsu da mun gani: allunan shaguna da Turancin Ingilishi suke. Ku riƙa duban irin waɗannan. Rubutun shago, lambar mota, kakin ɗan sanda, kuɗin da ke hannun mutane naira ce ko sefa, har Hausar da ake yi a bayan fage. Hausar Borno ba ta Damagaram ba ce, kunne yana ganewa.

Yar_Zango:
Yaya ake samun Lens ɗin? Sai an sauke shi?

Mai_Gyaran_Waya:
A yawancin wayoyin Android yana cikin manhajar Google. Ki duba wurin da ake rubuta abin nema, gefen makirfo akwai alamar kamara. Ki danna, ki zaɓi hoton. Da hoto yake aiki, saboda haka in bidiyo ne sai kin tsayar da shi a wurin da ya fito sarai kin ɗauka. In bai samo ba ki gwada wani wurin a cikin bidiyon. Ba kullum yake dacewa ba, musamman in abin sabo ne ko a WhatsApp kaɗai yake yawo.

Alhaji_Kasuwar_Dole:
Da can ana cewa gani ya kori ji. Yanzu kuna gaya mini ganin ma sai an bincike shi. To ni ina nan kan rediyota.

Dalibar_Jamia:
Haka zamanin ya zo Baba Alhaji. Yanzu ana iya ɗaukar tambarin gidan tele a manna kan hoto, a rubuta labarin da ba su taɓa faɗa ba. Ana iya kwaikwayon muryar mutum da kwamfuta. Maganinsa mai sauƙi ne: in hoto ya zo da tambarin wata tasha, kar ka tsaya kan hoton, ka je shafin tashar da kanka ka duba ko yana nan. In babban labari ne kuma babu shi a shafinsu, ka ajiye shi. Sannan WhatsApp yana sa kibiya biyu a kan saƙon da aka yi ta turawa. Ni in na ga kibiya biyun nan sai in ƙara taka-tsantsan, don wanda ya turo mini bai san wanda ya fara ba.

Dan_Fada_Karkada:
Ni abin da ke ƙona mini rai yankan magana ne. Shugaban ƙasa ya yi doguwar hira da Hausa a tele a ƙarshen Disamba 2024. Washegari abin da ke yawo guntaye ne na minti ɗaya, kowa ya yanko wurin da ya dace da ra'ayinsa. Jami'an Najeriya suka mayar da martani a kafofinsu, nan ma aka yanka. A fadarmu muka haɗa kuɗin mega muka kalli hirar tun daga farko, sannan muka nemo martanin cikakke. Ba wai mun zama ra'ayi ɗaya ba ne, har yau muna gardama, amma aƙalla kan abin da aka faɗa muke yi, ba kan abin da wani ya yanko mana ba.

Dan_Gure_a_Yamai:
To amma ku faɗi gaskiya, wurin kwatantawar ma ya ragu. An dakatar da RFI da France 24 tun Agusta 2023. BBC ma an dakatar da ita wata uku a Disamba 2024. In duk inda ka juya murya ɗaya kake ji, da me za ka auna?

Sani_Kabukabu:
Su ma ai ba mala'iku ba ne. Kowace tasha da mai ita, kuma kowa da abin da yake so a ji.

Dan_Gure_a_Yamai:
Ban ce mala'iku ba ne. Na ce awo sai da abu biyu.

Mai_Kula_da_Zaure:
Ƴan uwa, a yi haƙuri a dawo kan tambaya. Ba a hana kowa ra'ayinsa ba, amma zauren nan ba na siyasa ba ne. Kuma ina tunatar da kowa, don amfanin kansa, cewa a watan Yuni 2024 an gyara dokar laifukan intanet, an maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ka iya tada hankalin jama'a. Wanda ya tura ma ba ya kuɓuta da cewa ba shi ya rubuta ba. Abin da ba ka tabbatar ba, kar ka sa shi nan, kar ka sa shi ko'ina.

Baba_Mai_Ritaya:
Madalla da tunatarwa. Ga Dan_Gure, abin da zan ce shi ne, ko a cikin gida akwai abin kwatantawa in mutum ya nema. Yadda gidan tele na ƙasa ke kawo labari da yadda masu zaman kansu ke kawo shi ba ɗaya ba ne. Labarin arewa kuma, Aïr Info ta Agadez ta daɗe tana bin sa. Akwai DW da TRT da ke rubutu da Hausa. Ba sai ka yarda da kowa ba. Ka duba inda suka haɗu, wannan ka riƙe. Inda suka rabu, ka san magana ba ta nuna ba tukuna.

Inna_Mai_Waina:
Ni ban iya karatu ba, ɗana ke rubuta mini wannan. Ina son in ce duk dabarun nan na masu lakwal ne. Mu tele ɗin ma in an juya Faransanci sai kallon hoto. Labarun Hausa kuma gajeru ne, wani lokacin ina wurin sana'a ake yin su. A taimaka a riƙa yi mana bayani da murya.

Dalibar_Jamia:
Inna kin yi gaskiya, kuma abin ya daɗe yana damuna. Tun Maris 2025 kundin da ƙasa ke tafiya a kansa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Fatana shi ne a wayi gari sanarwar taron ministoci ta fito da Hausa a rubuce da kuma murya, a ranar da ta fito da Faransanci, a shafin hukuma inda kowa zai je ya ɗauka. Yanzu wanda ke fassara wa jama'a shi ne duk wanda ya riga danna makirfo a WhatsApp, ya ƙara nasa ya rage nasa. Kafin nan Inna, ki sa ɗanki ya buɗe miki shirin Hausa na Studio Kalangou, ana iya saurara a lokacin da kika samu sarari.

Mushe_Lakwal:
Kuma mu da muka iya karatu nauyi ne a kanmu. In za ka fassara wa iyaye, ka faɗa musu daga ina ka karanta, da ranar da aka rubuta. Ranar nan ita ce mutane ke tsallakewa. Sanarwar bara in aka cire mata kwanan wata sai ta koma sabuwa.

Dan_Kokowa:
Maganar kwanan wata ta taɓa ni. Lokacin kokowar takobi tele tana nunawa kai tsaye, amma in kana kan hanya sai waya. Sai ka rubuta sunan ɗan kokowarmu, a kawo maka karawar shekarun baya, ka yi ta murna ko baƙin ciki a banza. Yanzu sai in haɗa da sunan garin da ake yin gasar ta bana, tun da kowace shekara jiha ɗaya ke karɓa, kuma a YouTube in zaɓi waɗanda aka sa yau.

Direban_Tanut:
Duk wannan sai da reso. Ku bi hanyar Tanut zuwa Agadez ku gani, akwai wuraren da waya ke zama shiru. A can labari sai wanda direban da ya fito daga gaba ya ba ka, kuma labarin hanya ba wanda ya kai shi sani.

Yar_Zango:
Mu kuma a gari kuran ne. Lokacin zafi daidai lokacin labaru yake tafiya. Da sola muke lallaɓawa, ƙaramar tele tana ɗauka.

Dan_Birni:
Na karanta duka, Allah ya saka. Amma bari in dawo da rabin tambayata na biyu, don har yanzu ina da saura. Bidiyo ya zo, an ce a Zinder ne. Na sa a Lens bai samo komai ba. Tele ba ta faɗa ba, ANP ba ta rubuta ba, rediyo shiru. Ba ni da kowa a unguwar da aka ambata. Me zan yi da shi?

Sani_Kabukabu:
Ka goge.

Hajiya_Sabon_Gari:
A garin nan wa zai ce ba shi da kowa a wata unguwa? In ba ka da ɗan uwa kana da wanda kuke salla tare, ko mai kabu-kabu kamar Sani da ke zaga gari tun safe. Kira biyu ya isa.

Baba_Mai_Ritaya:
Ba sai ka goge ba, ba kuma sai ka tura ba. Ka bar shi ya kwana. Abin da ya faru da gaske, zuwa gobe wani zai fito da wani hoton daga wani gefen, ko mai unguwa ya yi magana, ko wakilin wata rediyo ya je. In kwana biyu suka wuce bidiyon nan ɗaya ne dai ke yawo, ba wanda ya ce ni ina wurin, to ka san matsayinsa.

Dan_Gure_a_Yamai:
Baba, wani labarin ba ya jiran kwana biyu. In an ce hanya ba lafiya kuma gobe da asuba za ka tashi fa?

Direban_Tanut:
Wannan a tasha ake tambayarsa, ba a Google ba. Ka kira ɗan kamasho ko direban da ya iso da yamma.

Inna_Mai_Waina:
Ɗana ya karanta mini amsar, na gode ɗiyata. Ga wata tambayar. In an ce a tele an buɗe sayar da hatsi da rahusa na OPVN, hukumar ajiyar abinci ta ƙasa, a ina mutum zai ga wurin da ake sayarwa a unguwarsa da ranar da za a fara? Tele tana nuna bikin buɗewa ne kawai da manya suna jawabi.

Mushe_Lakwal:
Inna, farashin buhu da yawan tan da aka ware wa jiha ana iya samunsu a ANP ko Le Sahel in an rubuta OPVN da Zinder. Amma wurin sayarwa da ranar kowace unguwa, wannan wajen mai unguwa ko ofishin magajin gari ake jin sa, wani lokacin kuma rediyon gari ta yi shela. Ki sa yaron ya leƙa gidan mai unguwarku da yamma.

Dalibar_Jamia:
In na ci karo da shi a rubuce zan yi shi da murya in sa a nan, tare da ranar da aka buga. Wace unguwa kike, Inna? Ki turo mini ta gefe, kar ki sa a zaure.